Darbil 8x42 da maƙalin waya: wata biyar a bakin ruwan Wadi Hanifa

A watan Oktoba na sayi madubin hangen nesa, wanda a nan Saudiyya ake ce wa darbil, a wani shago da ke kasuwar Baɗha a Riyad. Riyal 300 na biya, aka haɗa mini da wani maƙali na roba da ake ɗaura waya a jiki don ɗaukar hoto. Ni mutumin Haɗejiya ne, a bakin fadama na tashi, kuma tun da aikin tuƙi ya kawo ni ƙasar nan babu abin da nake kewa kamar tsuntsayen ruwa da sassafe.

Kusan kowace Juma'a, da an idar da sallar asuba, Wadi Hanifa nake nufa, wani lokacin kuma tafkin Wadi Namar. Kwarin Hanifa ya kai kimanin kilomita 120, ya ratsa Riyad, kuma yawancin ruwan da ke gudu a cikinsa na birni ne da aka tace. A dā juji ne, sai aka gyara shi, har gyaran ya ci kyautar Aga Khan ta fannin tsara gine-gine a 2010. Yanzu ga ciyayi ga kifi, inda kifi yake kuwa ba a rasa zalɓe.

A kan zalɓen ne na gane kuɗina bai tafi a banza ba. Lambar 8 tana nufin yana jawo abu kusa sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Faɗin nan shi ke tara haske. Kafin rana ta fito, lokacin da ido bai ganin komai a ƙetaren ruwa sai duhun ciyawa, na ɗaga darbil na ga zalɓe tsaye cak, wuya a lanƙwashe, har baƙin layin da ya bi ta saman idonsa. Na fi minti goma ina kallonsa kafin ya caki karfasa, ya juya ta, ya haɗiye ta ta kai. Tun ina yaro nake ganin zalɓe, amma ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai ranar. Haka kazar ruwa, da jan bakinta mai ɗan rawaya a tsini, da balbela, da wani farin tsuntsu mai baƙin fiffike da dogayen ƙafafu jajaye sirara kamar tsinke.

Mai shagon ya so in ɗauki mai lamba 10. Na gode Allah da ban ɗauka ba, don hannun da ya wuni a kan sitiyari rawa yake yi, kuma gwargwadon jawowa gwargwadon girgizar hoto.

Maƙalin wayar ne ya ba ni haushi ƙwarai. Kafin ka daidaita idon kyamara da na darbil, tsuntsu ya tashi. In ma ka dace, baƙin da'ira ce za ta kewaye hoton, nauyin waya kuma ya riƙa rinjayar gefe ɗaya. Sai da na dinga jingina shi a kan dutse kafin na sami hotuna kaɗan da suka isa in tura wa yarana gida. A mako na shida haƙorin robar ya karye. Igiyar ratayawa ma siririya ce, tana cin wuya, na sauya ta. Ƙura kuma ta shiga abin murzawa na tsakiyar darbil ɗin, wanda ake daidaita gani da shi, ya fara tauri, saboda haka a jaka nake ajiye shi yanzu. A kula da wani abu: da hantsi iyalai na cika wurin, kuma dokar ƙasar nan ta hana ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba. Ni da na ga an fara shimfiɗa darduma sai in mayar da waya aljihu.

Wata Juma'a wani dattijo, Bahaushen Mai Wurno ta Sudan, ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ɗana, ara mini in gani." Na miƙa masa. Ya daɗe bai sauke ba, sannan ya ce irin zalɓen nan ne ke tsayawa a bakin magudanan gonakin Jazira, kuma rabonsa da gida tun kafin yaƙin 2023. Na ce, "Baba, riƙe shi, ba sauri nake ba." Sai da rana ta ɗaga ya maido mini.