Direba ko waya: wanne ke riƙe firintar biro?

Malam, na ga tambayarka tun da safe. Ka ce firintar biro ɗinku a Tawa, HP LaserJet, tana fitar da wasiƙa mai shafi biyu nan take, amma da an tura mata dosiye PDF mai shafi 200 sai ta fitar da shafi ɗaya, ta tsaya fitila na ƙyaftawa, can kuma ta fitar da wani. Wani ya ce ka canza direba, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita, wani ya ce ka cire ta daga Wi-Fi ka sa mata wayar rezo, wato kebul. Ni da direba zan fara, ga dalili.

Tura dosiyen, ka buɗe layin jiran bugu a Windows, ka dubi wurin da aka rubuta Taille, wato girman aikin. In fayil mai mega 10 ya kumbura ya zama ɗaruruwa, to matsalar daga kwamfuta ta taso, ba ta ma kai ga hanya ba.

Direba tafinta ne tsakanin kwamfuta da firinta, kuma harsuna biyu aka fi sani. PostScript na kamfanin Adobe ne, ya fito a 1984. Masu buga fosta da mujalla suna son sa don zane yana fita iri ɗaya a kowace na'ura. Sai dai firintar ce da kanta ke lissafa kowane shafi da ƴar ƙwaƙwalwarta, shi ya sa kake ganin tana tsayawa ta huta tsakanin shafi da shafi. PCL kuwa na HP ne, kuma PCL 6 bai cika ɗora wa firinta wannan nauyi ba. Ga rahoto, lissafin albashi da wasiƙu, shi ya fi gudu, ido kuma da wuya ya ga bambanci a takarda. Ka koma kan direban PCL 6, sauke shi ba ya cin ko dala.

Akwai abin da muke mantawa: yawancin dosiyoyinmu ba rubutu ba ne, hoton takarda ne da aka yi wa sikan, da hatimi da sa hannu. Shafin A4 ɗaya a 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) ɗigo ne kusan miliyan 35, a 300 dpi bai kai miliyan 9 ba. Ninki huɗu kenan, a kowane shafi. A Adobe Reader, in ka zo bugawa, ka shiga Options avancées, ka zaɓi Imprimer comme image, wato a buga shi kamar hoto, ka sa 300 dpi. Kwamfuta za ta ɗauke aikin, hatimi kuma zai fito sarai. A wani biro da na yi aiki a Yamai, mun taɓa tsayawa kan firinta tun bayan azahar har aka kira la'asar, mahalarta taro na jiran rahoto, sakatariya na ƙirga shafukan da suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wannan gyaran ne ya fishe mu ranar.

Waya maganin wani ciwo ne daban. Ba ta rage girman fayil, hanya kawai take buɗe masa. Firintoci da yawa Wi-Fi ɗinsu a zangon 2.4 GHz kaɗai yake aiki, inda wayoyin hannun kowa suke cunkushe, ga bangon siminti da kabad ɗin ƙarfe a tsakani. In kwamfutar ma a Wi-Fi take, aikin sau biyu yake ratsa iska: daga ita zuwa ruta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, daga ruta zuwa firinta. Wayar rezo kuwa tana ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa ko fiye, ba ruwanta da bango. Amma sai an saya, an ja ta, wani lokaci har a huda bango, ya kuma fi kyau a ba firintar adireshin IP tsayayye, wato lambarta a rezo da ba ta canzawa.

Kafin ka kashe wannan kuɗi, ari wayar USB, ka haɗa kwamfuta ɗaya kai tsaye da firintar, ka tura dosiyen nan dai. In ya fita ba tsayawa, Wi-Fi ne, ka kira mai jan waya. In ya ci gaba da jan ƙafa, ko ka ja waya ba abin da zai sake.

Ka kuma leƙa nau'in takardar da aka zaɓa. In wani ya taɓa buga katin gayyata ya bar ta a kan takarda mai kauri, firintar da gangan take rage gudu don tawada ta kama. Mai da ita kan takarda ta yau da kullum, sannan ka faɗa mana lambar da ka gani a Taille.