Daren indie da emo a Landan: wane tikiti za ka saya, wanne za ka ƙyale

Wani ƙanena da ya zo karatu bara ne ya dame ni da tambaya, wai yaya ina son in je in ga irin waɗannan ƙananan makaɗan na indie da emo da kake yawan zancensu, ina zan fara? (Indie da emo dai salo biyu ne na kiɗan rock mai gita, indie na ƙananan ƙungiyoyi masu cin gashin kansu, emo kuma mai waƙoƙin amayar da damuwar zuciya.) Na ce masa tsaya tukuna, kafin ka cire ko fam ɗaya akwai abin da ya kamata ka gane, don ni sai da na yi asarar kuɗi da daren Juma'a guda kafin na gane shi.

Abu biyu ne ake sayarwa da suna kusan iri ɗaya. Akwai daren da za ka ga an rubuta emo da manyan baƙaƙe a fosta, a buɗe ƙofa ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare a tashi wajen uku, to wannan yawanci ba makaɗa ba ne, DJ ne kawai yake sako waƙoƙin shekarun 2000 irin na My Chemical Romance da Paramore, jama'a suna ta ihu suna bin baitin. Ni haka na faɗa wani kulob da ba zan kira sunansa ba, na tsaya awa biyu ina jiran a hau dandamali ashe babu ma dandamalin, wallahi har na tambayi mai gadi yaushe za a fara ya kalle ni kamar na faɗo daga sama. Ba wai abin ba daɗi ba ne, in kana da abokai biyar kuma kun haddace waƙoƙin za ku more. Amma ba shi ƙanena yake nema ba. Na biyun shi ne daren makaɗa na gaske, ƙofa wajen bakwai ko bakwai da rabi, ƙungiya uku ko huɗu kowacce ta yi kamar rabin awa, ta ƙarshe ta ɗan fi tsawo, kafin sha ɗaya an watse. Hanya mafi sauƙi ta bambancewa: duba lokacin buɗe ƙofa, sannan duba ko an jera sunayen ƙungiyoyi. In babu suna ko ɗaya sai hoton gashi mai rufe ido irin na 'yan emo, DJ ne.

To a ce na biyun kake so, sai maganar wuri. Uku na fi sani.

Windmill da ke Brixton shi ne wanda nake tura kowa in dai indie yake so. Ƙaramin ɗaki ne, mutum 150 ya cika shi, yana can cikin wani layi da ake kira Blenheim Gardens, daga tashar Brixton sai ka taka kamar minti goma sha biyar kana hawa gangare, karon farko za ka ɗauka ka ɓata don unguwar gidajen mutane ce kawai. Dandamalin a kusurwa yake, ƙasa-ƙasa, mai gita zai iya taka maka ƙafa. A nan su black midi da Shame da Black Country, New Road suka yi ta buga wasa tun ba wanda ya san su, shi ya sa har yau mutane suke zuwa ko ba su taɓa jin sunan waɗanda za su yi wasa ba, kowa yana fatan ya ce ai ni na gan su tun suna yara. Gaskiyar magana kuma sau da yawa ba za ka dace ba, a cikin ƙungiya huɗu ɗaya za ta burge ka, biyu ba yabo ba fallasa, ɗaya kuwa sai ka fita waje shan iska. Amma da kuɗin tikitin, wanda ni ban cika biyan sama da fam goma da 'yan kai ba, ko ɗayar nan ta isa. Wurin ya yi suna da karen da ke zama a saman rufin, har hotonsa suke sawa a riguna, na faɗa ne don masu gudun kare irina, a sama yake ba ruwansa da kai.

In kuma emo ɗin ne a ranka sosai, irin mai gita mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake dangantawa da yankin Midwest na ƙasar Amurka, salon da ƙungiyar makaɗan American Football suka fito da shi a faifansu na 1999, ko mai ihu da ya fi kusa da asalin abin a Washington na shekarun 1980, to New Cross Inn ya fi Windmill. Can ne gidan punk da hardcore, wato rock mai sauri da zafi, da emo a kudancin birnin, kuma suna yawan yin wasan yini guda inda ƙungiya bakwai ko takwas za su jeru tun la'asar. In ka raba kuɗin da yawan makaɗan babu abin da ya kai shi araha, sai dai fa ƙafa za ta gaya maka, kuma jama'ar can sun fi zafi, da an buga waƙa mai sauri tsakiyar fili ya rikice da turereniya, wannan ya bangaje wancan, wani ya hau dandamali ya diro kan mutane. Ba faɗa ba ne, duk wanda ya faɗi nan take ake ɗaga shi, amma in kana sa tabarau ko ba ka son a taɓa ka, tsaya gefe ko can baya kusa da mai kula da sauti, a nan ma sautin ya fi fita tsaf.

Underworld na Camden kuwa, wanda ke ƙarƙashin mashayar World's End daura da tashar Camden Town, yana ɗaukar mutum 500, ya fi su girma ya fi su tsada. Can yawanci baƙi ne daga Amurka ko wani gari suke zuwa, 'yan gida su buɗe musu fili. In akwai ƙungiyar da ka riga ka sani kana so, je. In yawon gano sababbi kake, kuɗinka zai fi yin aiki a ƙananan biyun. Ga ginshiƙai a cikin ɗakin da ke tare wa mutum gani in bai zo da wuri ba.

Tikiti kuma, yawancin ƙananan wuraren nan a manhajar DICE suke sayarwa, farashin da ka gani shi za ka biya, kuma in tikiti ya ƙare akwai layin jira, wanda ya fasa zuwa ya mayar a ba na gaba. Kada ka saya a hannun wani a Instagram, ba dalili. Biya a bakin ƙofa yana yiwuwa in ba a cika ba, sau da yawa da ɗan ƙari, amma ɗakin mutum 150 ba abin da za ka yi caca da shi ba ne bayan ka ratso gari. Ka tafi da fasfo ko lasin tuƙi, don ko gemunka ya kai ƙirji mai gadi zai iya cewa sai ya gani.

Abin da na fi so ka kashe wa kuɗi ma ba tikitin ba ne, abin toshe kunne ne. Ƙarar ɗakunan nan tana kaiwa desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma a wannan matakin kimanin minti 15 ne kunne ke ɗauka lafiya, kai kuma awa uku za ka yi. Na soso mai arha da ake samu a kemis yana kare kunne sosai amma yana kashe daɗin, sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa, gitar emo kuwa duk daɗinta a siraran sautin nan yake. Irin su Loop ko Alpine da aka yi don kiɗa suna rage ƙarar ba tare da sun dusashe ta haka ba, sun fi tsada amma saye ɗaya ne. Ni na fara da na soso, bayan wani dare da na kwana kunnena yana ƙugi har washegari a aji na je na sayi mai kyau. In yau ne kawai za ka gwada, na soso ya wadatar.

Sai abin da ƙanena ya yi ta kewaye-kewaye bai tambaya ba. Eh, duk wuraren nan mashaya ne, ana sayar da giya, wannan kai za ka yanke wa kanka hukunci tun daga gida. Abin da zan iya gaya maka shi ne ba wanda zai kalle ka don ka riƙe lemo, kuma doka ta wajabta wa duk mai sayar da giya a Ingila ya ba da ruwan famfo kyauta in an roƙa. Lokacin sanyi ma ka yi Magariba da Isha kafin ka fito, a watan Yuni ne lissafin ke cakuɗewa tunda rana ba ta faɗuwa sai bayan tara.

Komawa gida ba matsala in an tashi sha ɗaya. Juma'a da Asabar layin jirgin ƙasa na Victoria daga Brixton da layin Northern daga Camden suna kwana suna aiki, tashar New Cross Gate da ke kusa da New Cross Inn ma akwai jirgin dare a ranakun. Ranar Talata kuwa ba jirgin dare, kar ka tsaya dogon surutu a teburin sayar da riguna.

Shi dai ƙanen nawa Windmill na ce ya fara da shi, ranar tsakiyar mako, ya isa tun ƙungiyar farko lokacin da ɗakin bai wuce mutum ashirin ba. Ya je, ya dawo da riga ta fam 15 ta wasu yara da ya ce mai gangarsu ne kawai ya iya, yanzu kuma wai New Cross yake so mu je tare wata mai zuwa, na ce sai ya sayi abin kunnensa tukuna don ba zan ba shi aron nawa ba.