A sake zana JAMB ko a canza hanya?

Kafin ka ce baɗi za ka sake, ka sani makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi, in ka bar admishan ɗin bana ya wuce to 170 ɗin nan taka ta bi ruwa. Kuma ba kai kaɗai ba ne, a 2025 mutum wajen miliyan 1.9 suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba.

Sakewa tana da amfani ga wanda ya ci kamar 230 yana neman likitanci a BUK, kuma yana da inda zai riƙa lesin yana taɓa kwamfuta. Amma mu nan karkarar Jigawa ai mun san yadda abin yake, damina ta faɗi kana gona, a gama girbi ka tafi cirani, sai saura sati biyu ka kakkaɓe littafi, wallahi makin jiya za ka ƙara kwasowa ko ƙasa da shi. Canza kos ko makaranta, ka koma jami'ar Dutse ko ta Kafin Hausa, ba laifi in ba ka damu da abin da za ka karanta ba. NCE a Gumel kuwa shekara uku ce kafin ka waiwayi jami'a.

Ni dai IJMB nake ba yara shawara, wato karatun share fagen shiga jami'a. ABU Zariya ce ke kula da ita, darasi uku za ka ɗauka, wajen shekara guda kana aji gaban malami ba kana zaman majalisa ba, in ka ci da kyau ka sayi fom ɗin DE (Direct Entry) na JAMB ka faɗa aji biyu kai tsaye, ka ga shekarar da za ka ɓata wajen jira ta zama karatu kenan. Makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa tana yi. IJMB ta fi fom ɗin JAMB tsada nesa ba kusa ba, ga abinci ga wurin kwana, sai an sayar da buhu ko ɗan akuya, kuma dole kiredit biyar ɗinka su cika har da Turanci da Lissafi. Karatun ma ba wasa ba ne.

Sai dai dan Allah a kula da 'yan damfara, nan ne abin yake ƙona min rai. Akwai masu kama shago su rataya allo su ce santar IJMB ce, ka je da ƙafarka ka tabbatar tana cikin waɗanda ABU ta amince da su kafin ka ba da ko sisi. Masu cewa a WhatsApp turo kuɗi a ƙara maka maki ƙarya suke, ba mai ƙarawa. Duk admishan da bai fito a CAPS ba, wato shafin JAMB na ba da admishan, ba admishan ba ne ko da an ba ka takarda mai hatimi. Sannan layin waya, wani mai kafe (shagon intanet) ya yi wa ƙanena rajistar JAMB da layinsa shi mai kafen, saƙo duk can yake zuwa, da yaron ya tashi dubawa sai da ya sake biyan kuɗi, daga baya ma mutumin ya rufe shago ya bar gari. In za ka fara rajistar JAMB ka tura NIN ɗinka zuwa 55019 da layinka na kanka, kuma ka adana layin nan kar ya ɓata, rajistar ma a santar da JAMB ta amince da ita kawai za ka yi.