YouVersion a ajin almajiranci: inda take taimako, da inda malami zai sa ido

Duk mai koyar da ajin almajiranci a sashen Hausa na wata ikkilisiya a Legas ya saba da wannan: a ce a buɗe Romawa, sai ka ga wayoyi sun fito daga aljihu, masu Littafi na takarda kaɗan ne. Masu gadi daga Ikeja, 'yan kasuwar Mile 12, matan sojoji da 'yan sanda daga bariki, yawancinsu manhaja ɗaya ta Littafi Mai Tsarki suke buɗewa, wato YouVersion. Cocin Life.Church da ke Oklahoma a Amurka ne ya fito da ita a 2008. Kyauta ce, babu talla a ciki. Abin da za mu auna a nan shi ne amfaninta wajen koyar da ceto da zaman tsarki.

A fara da saiti, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Bayan an sauke manhajar, a buɗe asusu da imel, ko da na ɗa ne ko na ƙani, don kada ayoyin da aka yi wa alama su tafi tare da wayar ranar da ta faɗi ko aka sace ta a motar haya ta danfo. Sai a shiga jerin harsuna a zaɓi Hausa, a sauke fassara biyu cikin waya: Littafi Mai Tsarki na 1979, da Sabon Rai Don Kowa. Rubutun ba ya cin wuri sosai, ƙaramar itel ma tana ɗauka. Daga nan a kashe data gaba ɗaya a gwada buɗe Afisawa. In ta buɗu, an gama. Mutane da yawa suna zaton sun sauke alhali a intanet suke karantawa, sai ranar Lahadi data ta ƙare a tsakiyar darasi su tsaya suna kallon farin allo. Muryar da ke karanta wa mutum Littafin kuwa lissafinta daban, ita ce mai shan data. Mai gadin da ke sa abin kunne yana sauraro daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba zai ga bambancin a kuɗin katinsa.

Babban amfaninta a wannan darasi shi ne jera fassara biyu a kan aya ɗaya. A taɓa ayar, a danna inda aka rubuta Compare. Abin da ya fi wahalar da sabon mai bi shi ne raba abubuwa biyu da ke tafiya tare amma ba ɗaya ba ne. Na farko, abin da dattawa ke kira baratarwa: Allah ya karɓi mai zunubi a matsayin marar laifi saboda mutuwar Almasihu da tashinsa, ta wurin bangaskiya, sau ɗaya. Na biyu tsarkakewa: aikin Ruhu Mai Tsarki na sāke halin wanda aka riga aka karɓa. Kalmar baratarwa ba ta cikin Hausar kasuwa, matashin da ya tashi a Agege bai taɓa jin ta a bakin kowa ba sai a kan bagade. Idan aka jera Romawa 3:23-24 da 5:1 a fassarorin biyu, aka sa ɗalibi ya karanta da ƙarfi, sannan ya faɗa da bakinsa wane ne ya yi aikin, kuma yaushe, ma'anar tana fitowa ba tare da doguwar lacca ba. Daga nan a wuce Romawa 6:1-14 da 12:1-2, a sake yin tambayoyin nan biyu. Amsar za ta canza: yanzu mai bin ma yana da abin yi, kuma kullum ne.

Wata dabara mai arha ita ce launi. Manhajar tana ba da damar shafa wa aya launi. A ware ɗaya ga abin da Allah ya riga ya yi, wani ga abin da aka umarci mai bi ya yi, a bi Afisawa cikin mako shida, sura ɗaya a mako. Surori uku na farko za su cika da launin farko, uku na ƙarshe da na biyu. Ɗalibi yana gani da idonsa cewa Bulus, marubucin wasiƙar, ya gama bayanin alheri kafin ya shiga zancen ƙarya, fushi, sata da zaman aure. Wannan jeri shi ne darasin.

Sai kuma inda ake samun matsala, kuma yawanci daga yadda ake amfani da ita ne. Manhajar tana turo aya ɗaya kowace rana, da hoto mai kyau na sakawa a WhatsApp. Aya guda da aka tsinko daga mahallinta tana iya koyar da rabin gaskiya. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba; wanda ya tsaya nan bai kai aya ta 10 ba, inda aka ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka, yana iya ɗauka cewa halinsa bai shafi kowa ba. Filibiyawa 2:12 ita kaɗai, mai zancen aikata ceto da tsoro da rawar jiki, tana jefa mai raunin zuciya cikin fargaba, sai an haɗa da aya ta 13 da ta ce Allah ne ke aiki a cikinmu. Ƙa'idar aji ta zama: duk ayar da ta zo da safe, a buɗe surarta a karanta biyar kafinta da biyar bayanta.

Haka ma lissafin kwanakin da mutum ya jera yana buɗe manhajar. Yana taimaka wa malalaci, ba musu. Amma za ka ga wanda ke taƙama da kwana ɗari ba fashi yana gaba da maƙwabcinsa a kan layin famfo. Ma'aunin girma yana Galatiyawa 5:22-23, abubuwa tara ne, kuma matar mutum da abokin cinikinsa sun fi waya iya ƙirga su.

Tsare-tsaren karatu da ke ciki suna buƙatar tantancewa. Yawancinsu da Turanci suke, kuma daga ikkilisiyoyi daban-daban suka fito. A Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Deeper Life, wadda Fasto W. F. Kumuyi ya faro a 1973 a matsayin ajin nazari a Jami'ar Legas, tana koyar da tsarkakewa a matsayin aikin alheri na biyu da ake samu a wani takamaiman lokaci bayan tuba. ECWA da COCIN kuwa suna koyar da ita a matsayin girma a hankali har ƙarshen rai. Dukansu suna kafa hujja da 1 Tasalonikawa 5:23 da Ibraniyawa 12:14. Ɗalibin da ke jin ɗaya a wurin aiki, ɗayan a sujadar Hausa, zai zo da tambaya, kuma manhaja ba za ta gaya masa daga wane ɓangare darasin ya fito ba. Malami ya karanta tsari daga farko har ƙarshe kafin ya ba aji. In ba lokaci, a yi na gida: Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ya cika mako 52 daidai.

Ƙananan abubuwa biyu. Wajen neman kalma, "tsarki" ba lallai ta kawo "tsarkake" ko "tsarkaka" ba, sai a nemi kowacce daban, a kuma sa allon rubutu na Hausa saboda ƙ, ɗ da ɓ. Sannan sunan Bishara ta huɗu ya bambanta: Yahaya a fassarar 1979, Yohanna a Sabon Rai Don Kowa. A faɗa wa aji tun ranar farko.

Ga malami da ɗalibin da ke karatu da kyau, manhajar ta cancanci wurin da take ci a waya. Ga mai shirin baftisma kuwa, a haɗa masa da na takarda, wanda saƙon WhatsApp ba ya faɗowa a kansa, ba ya kuma mutuwa in an ɗauke wuta kwana biyu. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya tana da hedikwatarta a titin Wharf, Apapa. Ajin na iya haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya, ya fara tambaya ko akwai na Hausa a ajiye kafin ya shiga cunkoson tirelolin hanyar.