OBS Studio ko Camtasia: wacce ta dace da bidiyon koyar da masu shiga laburare?

Wa'alaikumus salam Malama. Kin tambayi wacce za ki ɗauka cikin waɗannan manhajojin naɗar allo biyu. Tunda abin da kike so ki naɗi allon kwamfuta ne ki nuna wa ɗalibai yadda ake neman littafi a Koha (manhajar kula da littattafan laburare) ko sauke muƙala daga AJOL (shafin intanet na mujallun bincike na Afirka), ki ɗauki OBS Studio ki bar Camtasia.

OBS kyauta ce, ba ta buga tambarinta a kan bidiyo, ba ta ƙayyade miki mintuna. Amma abin da ya fi ɗaga darajarta a Kaduna shi ne maganar wuta. Idan kika saita ta tana naɗa a tsarin fayil ɗin bidiyo na MKV, ko an ɗauke wuta kina tsakiyar bayani, abin da kika naɗa zuwa lokacin yana nan. MP4 na gargajiya kuwa sai an rufe fayil ɗin yadda ya kamata yake buɗuwa, in kwamfuta ta mutu kafin nan aikin ya tafi. Bayan kin gama sai ki shiga File, ki danna Remux Recordings, cikin daƙiƙu ta mayar miki da shi MP4 wanda kowace waya za ta iya kunnawa.

Wajen saiti, ki sa girman hoto 1280 da 720, hotuna 15 zuwa 20 a daƙiƙa sun isa tunda shafi ne ba ƙwallo ba. Ki bar nauyin bidiyon (Bitrate a cikin saiti) wajen 1000 kbps. Da haka minti 3 zai zo kusan MB 25, ɗalibin KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) ko na Kaduna Poly zai sauke a WhatsApp ba tare da ya yi kukan data ba. Kowane bidiyo ya ɗauki aiki ɗaya kawai: neman littafi daban, sabunta aro daban. Kuma ki ƙara girman rubutun burauza zuwa kashi 150 kafin ki fara, don yawancinsu a waya za su kalla.

Wajen zaɓar abin da OBS za ta ɗauka, ki zaɓi Window Capture, mai ɗaukar tagar manhaja ɗaya kawai, maimakon Display Capture. Na biyun yana kwashe duk abin da ya bayyana a allo, har da saƙon da ya faɗo miki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu ma'aikatan laburare, domin shafin ma'aikata na Koha yana nuna sunan mai aro da lambar wayarsa da abin da ya ara. Ki buɗe asusun gwaji na musamman ki yi naɗin da shi, amanar mutane ce a hannunmu. Idan kuma allon ya fito baƙi wuluk, galibi a laptop mai katin hoto biyu ne, sai ki canja hanyar ɗauka a cikin saitin Window Capture ɗin zuwa wadda aka rubuta Windows 10.

Ƙarar janareta da fanka fa? Ki danna dama a kan makirufo, ki shiga Filters, ki ƙara Noise Suppression. Abin kunnen waya mai makirufo ya fi na jikin laptop nesa ba kusa ba.

Inda OBS ta gaza shi ne ba ta yanka bidiyo. Manhajar Shotcut na wannan aikin, ita ma kyauta.

Camtasia, gaskiya tana da wurin gyara mai kyau, tana haska kibiyar linzami tana zuƙo wurin da aka danna. Sai dai kuɗinta da dala ne duk shekara, na gwajin kuma da tambari yake fitowa.

Sannan ki yi hattara da wasu masu gyaran kwamfuta da za su ce za su sa miki Camtasia “cikakkiya” a kan dubu biyu ko uku. Ta sata ce da aka fasa, shi ya sa suke fara kashe antibairos kafin su sa ta, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, a kan kwamfutar da ke ɗauke da bayanan masu aro. Wasu ma OBS ɗin suke sayarwa. Kada ki ba kowa ko sisi, ki sauke ta da kanki daga obsproject.com.