Abin da na sa a cikin ƙunshin

Yaya, bayan gaisuwa, a gaida Inna da yara. Ka tambayi fararen abubuwan nan biyu da na aiko, masu kama da sabulun wanka. Ba rediyo ba ne, a hana yara wasa da su.

Gidan da muka koma a garin Bradford, nan Ingila, tsohon gini ne na dutse, irin na jere da aka yi tun zamanin masaƙu. A falo akwai murhu a jikin bango, da bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Ranar da mai gidan ya ba ni makulli, kafin ma ya nuna min kicin sai da ya danna maɓallin irin abin nan da ke manne a bango, ya yi wata ƙara da ta sa Ummi ta toshe kunne. Ƙararrawa ce mai jin iskar guba da Turawa ke kira carbon monoxide, wadda ke fita idan itace ko gawayi ko gas bai ƙone da kyau ba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Jini kuma ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar da muke rayuwa da ita, shi ya sa mutum zai fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya ce zazzaɓi ne, ya kwanta.

Ba kirkin mai gidan ba ne, doka ce. Tun 1 ga Oktoba 2022 wajibi ne a Ingila mai ba da haya ya sa ta a duk ɗakin da ke da murhu ko tukunyar ɗumama gida, ban da kukar girki ta gas. Wanda ya ƙi, tarar na iya kai fam 5,000. Ita kuwa ƙararrawar kuɗinta wajen fam 20 ne a yawancin shaguna.

Abin da ya ci min rai shi ne mai share bututu. Na ba shi fam 70 a aikin da bai kai awa ɗaya ba, ina ta lissafin buhun shinkafa a raina. Ya shimfiɗa zane a ƙasa, ya toshe bakin murhun, ya dinga haɗa sanduna yana tura burushi sama. Kunkunniya ta zubo, sai ga ƙirare cike da bokiti: wani tsuntsu ɗan'uwan hankaka ne ya yi sheƙa a ciki. Da mun hura wuta a haka, hayaƙin falo zai dawo, ga tagogin nan masu gilashi biyu ba sa barin iska ta shiga ko ta fita. Na yi shiru da zancen kuɗi. Ya ƙona wani abu ya gwada ko hayaƙi na fita, ya rubuta min takardar shaida, ya ce a riƙa share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara. Aikin hannu a nan tsada gare shi, amma za ka karɓi takarda, abin da ban taɓa ganin magini ya ba mu a gida ba.

Mu ba mu da bututu, amma ka san yadda Inna ke shiga da kaskon gawayi ɗaki da hunturu ta ja ƙofa, ka kuma san inda kuke tura janareto idan hadari ya taso. Iskar ɗaya ce. Ƙararrawar batirinta a ciki yake, ba ruwanta da ɗauke wuta, tana kai shekara 7 zuwa 10, an rubuta ranar ƙarewarta a jiki.

Ka sa ɗaya a ɗakin Inna, sama a bango, ɗaya a ɗakin da ke kusa da zaure. Idan ta yi ƙara, a buɗe ƙofa da taga kowa ya fita, mai jin jiri a kai shi asibiti. Kaskon dai a fitar da shi kafin ta yi barci, janareton kuma ya kwana a tsakar gida ko ana ruwa, zan turo kuɗin kwanon da za a yi masa rumfa.