Kan sarkin da ba ya tsufa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, da su Inna da yara. Ka ce in riƙa ba ka labarin yadda abubuwa suke tafiya a nan New York, to yau na gidan waya ne.

Shekaranjiya zan aika takardun haya, ba ni da kan sarki, ga sanyi. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina, wani dattijo Ba'indiye. Ya buɗe durowa ya ciro mini ɗaya. Hoton fitilar yumɓu ne da lagwani yana ci, sak aci-bal-bal ɗin Inna, an rubuta Diwali a ƙasa. Ya ce tun 2016 ya saye su da yawa. Na ce, "Baba, wannan ai ya mutu." Sai ya yi dariya ya nuna mini kalmar Forever a jiki, wato har abada. Irin wannan ba a rubuta masa farashi. Shi ya saya a kan santi 47, a 2025 kuɗin aika wasiƙa ya kai santi 78, amma nasa yana aiki ba ciko. Tun 2007 suka fito da tsarin. Na tuna yadda muke jera kan sarki uku huɗu a ambulan idan kuɗi ya tashi.

Diwali babbar sallarsu ce ta mabiya addinin Hindu, wadda kake ganin ana jera fitilu a finafinan Indiya. Kwana biyar ake yi, cikin Oktoba ko Nuwamba. Ana share gida, a yi zanen ado a bakin ƙofa, a raba kayan zaƙi. Ya ce a wajensu tuna dawowar Rama, ɗaya daga cikin abin bautarsu, garin Ayodhya ake yi bayan shekara 14 a daji, shi ne aka kunna masa fitilu. An ƙaddamar da kan sarkin ranar 5 ga Oktoba 2016 a ƙaramin ofishin jakadancin Indiya da ke nan garin, bayan Indiyawa sun shafe shekaru suna rubuta wasiƙu da tara sa hannu, 'yar majalisa Carolyn Maloney tana mara musu baya. Mutanen nan akwai naci.

Kada ka ce an bar mu a baya. Namu na Idi ya riga nasu, tun 1 ga Satumba 2001, shuɗi da rubutun Larabci ruwan zinariya, aikin hannun Mohamed Zakariya. Makarantun gwamnati na birnin ma suna hutun sallolinmu biyu, Diwali kuwa sai a 2024 aka fara hutunta.

Abin da ya fi burge ni dai shi ne wasiƙa har gida ake kawo ta, Litinin zuwa Asabar. Ba zuwa tasha neman direban da za a ba saƙo, ba kiran waya ana tambayar ko motar ta iso. Aikawa kuma akwai shuɗin akwati a bakin titi, ka jefa ka wuce. Aibinsa ɗaya, rabin abin da nake tararwa a akwatina takardun talla ne, sauran kuma na bashi.

Na so in manna maka shi a ambulan, amma shi kaɗai kuɗin wasiƙar cikin Amurka yake biya, wasiƙar waje kuwa a 2025 ta kai dala 1 da santi 70. Dattijon ya ƙara mini ɗaya, zan ba mai zuwa gida ya kawo wa Abba ya sa a littafinsa. A gaida Inna.